Yadda jan inabi ke haifar da farar giya, da abincin da ake haɗa ta da shi

Tambaya: Barka da aiki, Yaya. Ina shekara ta biyu a karatun kula da otal da harkar abinci a ƙasar waje. A darasin abin sha an kawo mana wata kalmar Faransanci, blanc de noirs, aka ce farar giya ce da ake yi da jan inabi. Kaina ya ɗaure. Ta yaya abu ja zai ba da fari? Kuma da wane abinci ake kawo ta? Ni Musulma ce, ba na sha, don haka ba ni da hanyar ganewa da harshena, ga jarrabawa ta matso.

Amsa: Barka kadai, ƙanwata. Kafin ki sake buɗe littafi, je kasuwa ki sayo inabi ja ko baƙi, ko da ɗan kaɗan ne. Ɗauki ƙwaya guda, ki sa farce ki ɓare ɓawon a hankali. Abin da za ki tarar a ciki ba ja ba ne. Tsoka ce garai-garai mai ɗan kore-kore. Matse ta a farin faranti, ki ga ruwan da zai fito, kusan ba shi da launi. Yanzu tattara ɓawon da kika cire, ki zuba masa ruwan zafi, ki ba shi minti goma. Ruwan zai rine. Rabin amsar tambayarki ke nan a kan faranti, kuma gani ya kori ji.

Launin inabi a ɓawo yake zaune. Sinadarin da ke ba da shi ana kiransa antosayanin, kuma kin san danginsa tun kina ƙarama, domin su ne ke sa zoɓo ja. Kin lura in aka matsa lemon tsami a zoɓo jansa yakan ƙara haske, in kuwa kanwa ta taɓa shi sai ya yi duhu ya juya? Halin antosayanin ke nan, tsami ke fito da jansa. A cikin inabi wannan sinadari yana kulle cikin ƙwayoyin halittar ɓawon, ba ya shiga ruwan sai an farfasa ɓawon an bar su tare sun jiƙa.

Daga nan komai ya zama batun lokaci. Mai son jar giya yakan murƙushe inabin ya bar ruwa da ɓawo da ƙwallaye su tsima tare, daga kwanaki har makonni. Zafin tsimin da barasar da ke samuwa su ne ke tsotso launi daga ɓawon, tare da wani sinadari da ake kira tanin, mai sa bauri, irin wanda ke kama miki baki in kin tauna goro ko kin sha shayin da ya daɗe a wuta. Mai son giya ruwan hoda, wadda ake kira rosé, sa'o'i kaɗan kawai yake barinsu tare. Mai son fara kuwa ba ya ba su damar zama ko kaɗan: ya matse, ya janye ruwan nan take, ya zubar da ɓawon, ruwan ya tsima shi kaɗai. Itace ɗaya, abin sha kala uku. Ma'anar blanc de noirs ita ce "fari daga baƙaƙe", domin Faransawa baƙi suke kiran irin wannan inabin, ba ja ba.

Akwai 'yan irin inabi da wannan dabara ba ta ci a kansu, kuma malamai na son tambaya a kai. Su ne waɗanda tsokarsu ma ja ce, Faransawa na ce musu teinturier, wato marini. Alicante Bouschet, wanda Henri Bouschet ya samar a kudancin Faransa a 1866, yana cikinsu, haka ma Saperavi na ƙasar Jojiya. Waɗannan ko yaya kika lallaɓa su jan ruwa za su ba ki.

Inda wannan sana'a ta kai maƙura shi ne yankin Champagne, kimanin kilomita 150 gabas da Paris, wanda giyar shamfen mai kumfa ta samo sunanta daga gare shi. Ina so in daɗe a nan, domin wanda ya fahimci yadda suke yi a can ya fahimci sauran. Gonakin inabin yankin sun kai wajen hekta 34,000. Wajen kashi 38 cikin 100 Pinot Noir ne, wajen kashi 31 Meunier ne, kuma dukansu biyun baƙin inabi ne. Ragowar kusan duka Chardonnay ne, wanda shi ne farin. Ke nan shamfen ɗin da mutane ke gani ruwan zinariya a kofi, mafi yawansa gauraye ne da baƙin inabi ya fi rinjaye a ciki. Ba a dai rubuta blanc de noirs a kwalba sai idan baƙin ne zalla, Pinot Noir ko Meunier ko su biyun. Idan farin inabi ne zalla sai a rubuta blanc de blancs. Meunier, af, ma'anarsa mai niƙa, saboda bayan ganyensa fari-fari ne kamar an barbaɗa masa gari.

Me ya kai su ga wannan wahala? Sanyi. Champagne na can arewa, a bakin iyakar inda inabi ke iya nuna. A ƙarnonin baya jar giyarsu takan fito koɗaɗɗiya mai tsami, ba ta iya gogayya da ta maƙwabtansu na Burgundy da ke kudu, inda rana ta fi yawa. Sai suka juya abin da ke nakasu ya zama jari: maimakon su nace wa launin da ba zai zo ba, suka ƙware wajen raba ruwa da ɓawo tsaf. Sunan da aka fi dangantawa da wannan shi ne Dom Pérignon, wani malamin coci da ya riƙe ma'ajiyar giya ta gidan ibadar Hautvillers daga 1668 har rasuwarsa a 1715. Za ki ji ana cewa shi ya ƙirƙiro giya mai kumfa. Kada ki rubuta haka a jarrabawa, ba gaskiya ba ne. Gudummawarsa ta ainihi tana wajen kula da gona, da tsinkar inabi cikin tsanaki, da gauraya inabin gonaki daban-daban, da fitar da farin ruwa daga baƙin inabi.

Har yau dokar yankin tana tafiya a kan wannan tunani. Ba a yarda a girbe inabin shamfen da inji ba, da hannu ake tsinka, kuma gungun 'ya'yan gaba ɗaya ake yankowa da sandarsa. Dalili shi ne inji yana fasa ƙwayoyi, kuma da zarar ƙwaya ta fashe ruwanta ya fara shan launi tun a cikin kwando. Saboda haka ne ma aka baza wuraren matsa a ƙauyuka kusa da gonaki, don kada inabin ya daɗe a hanya yana danne juna. Matsar gargajiya tasu faffaɗa ce marar zurfi, domin ruwan da ya fito daga ƙwaya ya yi gajeriyar tafiya tsakanin ɓawo kafin ya zubo. Sandunan gungun da aka bari suna zama kamar magudanai da ruwan ke bi ya fice da sauri.

Ga lissafin da ya kamata ki haddace. Daga kilo 4,000 na inabi, lita 2,550 kawai doka ta yarda a tatsa. Lita 2,050 na farko ana kiransu cuvée, su ne ruwan tsakiyar ƙwaya, mafi tsabta, mafi daidaiton zaƙi da tsami. Lita 500 na baya ana kiransu taille, suna fitowa ne bayan an ƙara ƙarfin matsa, daga kusa da ɓawo, don haka tsaminsu ya ragu, launi da bauri sun ɗan shigo. Abin da ya wuce wannan ba ya zama shamfen. Mai tatsar man gyaɗa na son ta matse tunkuza har ɗigon ƙarshe, amma a nan gwaninta ita ce sanin inda za a tsaya.

Duk da wannan kulawa ruwan yakan fito da ɗan jirwayen hoda. Yawancinsa na gushewa da kansa: ana barin ruwan ya kwanta laka ta zauna, sannan yis ɗin da ke tsimar da shi yakan kama wani ɓangare na launin ya nutse da shi. Wasu kan sa gawayi na musamman ya tsotse ragowar. A ganina wannan gyaran ɓarna ne, domin gawayi ba ya zaɓe, yana kwashe ƙamshi tare da launin. Wanda ya yi tsinka da matsa yadda ya kamata ba ya bukatarsa sosai, kuma ɗan duhun zinariya ko jirwayen jan ƙarfe a kofin blanc de noirs ba aibi ba ne. Bayan haka sai tsimi na biyu a cikin kwalba, wanda ke haifar da kumfa, da ajiya ta aƙalla wata 15, ko shekara 3 idan giyar ta girbin shekara guda ce. Iskar da ke matse a kwalbar ta ninka ta tayar mota fiye da sau biyu, shi ya sa ba a nuna bakinta ga fuskar kowa yayin buɗewa.

Sunayen wurare da za ki ci karo da su a takardar kwalba: Bouzy, Ambonnay, Verzenay da Aÿ, ƙauyukan da suka yi suna da Pinot Noir, Côte des Bar a kudancin yankin, inda shi ne ya mamaye gonaki, sai kwarin kogin Marne, gidan Meunier. Ba Faransa kaɗai ba ce kuma, ba kuma dole sai mai kumfa ba. Jamusawa na yin fara marar kumfa daga Pinot Noir, wanda suke kira Spätburgunder. A Ticino, ɓangaren Suwizalan mai magana da Italiyanci, suna yin Bianco di Merlot. Akwai irinta a Oltrepò Pavese ta Italiya da jihar Oregon ta Amurka.

Kama da wane ba ta wane, don haka ki kiyayi abubuwa biyu. White Zinfandel na Kalifoniya sunansa ne kawai fari, a kofi ruwan hoda ne mai zaƙi. Ya samu karɓuwa ne bayan 1975, lokacin da tsimin wata ganga ya tsaya a kamfanin Sutter Home kafin sukarin ya ƙare, aka sayar da ita a haka, mutane suka so ta. Na biyu, Pinot Blanc da Tempranillo Blanco ba blanc de noirs ba ne. Su itatuwa ne da halittarsu ta sauya har ɓawon kansa ya daina yin launi. Tempranillo Blanco a 1988 aka gano shi, a reshe guda na wata jar itaciya a yankin Rioja na Sifaniya. Akwai ma kishiyar abin da kika tambaya, wato a ɗauki farin inabi a tsima shi da ɓawonsa kamar ja, ya fito kalar ruwan lemo. Mutanen Jojiya sun daɗe suna yin haka a manyan tulunan ƙasa da suke binnewa, qvevri.

Yanzu batun abinci, inda na ga ɗalibai da yawa na faɗuwa. An koya musu "fara da kifi, ja da nama", sai su ga fara a kofi su ruga wajen kifi. Na yi shekaru ina kula da sashen abinci da abin sha a otal kafin in koma aji, kuma tun da addinina bai hana ni ɗanɗanawa ba, zan ara miki harshena. Blanc de noirs a ido fara ce, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A baki ta fi blanc de blancs cika da nauyi. Ƙamshinta na karkata wajen jar tuffa, da ceri, da sitiroberi irin wanda ake nomawa a Jos, in ta daɗe a ajiye kuma sai ƙamshin gasasshen burodi ya shigo. Blanc de blancs siririya ce mai kaifi, ƙamshin lemon tsami da koriyar tuffa. Abin da blanc de noirs ta rasa daga uwarta, wato jar giya, shi ne baurin nan. Saboda haka nauyinta ake dubawa wajen zaɓa mata abinci, a ajiye launin gefe.

Ba sai kin sha ba za ki gane hikimar, domin tana cikin girkinmu. Me ya sa ake matsa lemon tsami a soyayyen kifi, ko a yanka tumatir da albasa a gefen tsire? Tsami na yanke maiƙo, ya wanke baki, loma ta gaba ta zo kamar ta farko. Aikin da wannan giya ke yi a tebur ke nan, kumfar kuma na taimakawa. Don haka abokanta na farko su ne abinci mai maiƙo da gishiri wanda bai cika nauyi ba. Gasasshiyar kaza mai fata ƙaras-ƙaras ita ce misalin da ba ya kuskure. Sai agwagwa, wadda kitsenta ke bukatar abin da zai yanke shi, da zabuwa, da naman maraƙi a miyar kirim. Laimar kwaɗi irin wadda ake ci, soyayya da man shanu, tana tafiya da ita sosai, musamman wadda ta daɗe a ajiye, domin dukansu suna da wani ƙamshi mai kama da na ƙasa bayan ruwan sama. A ɓangaren kifi, mai kitse da tsoka ake nema, kamar salmon ko tuna gasasshe, ko jatan lande da aka soya da man shanu. Ɗanyar kawa ta teku da farin kifi marar kitse da aka turara, waɗannan ki bar wa blanc de blancs, domin nauyin blanc de noirs yakan danne su.

Mutanen yankin Champagne kansu suna ci da abin da ƙasarsu ke samarwa. Akwai cukun Chaource mai laushi kamar kirim, da na Langres wanda ke da ɗan rami a samansa, har wasu kan tsiyaya shamfen a ciki kafin su yanka. Ki riƙe wannan, domin baƙo Musulmi na iya ɗauka cuku ne kawai. Haka nan jambon de Reims da boudin blanc na garin Rethel da za ki gani a littattafanku, dukansu naman alade ne. Cuku mai tauri da ya kwana biyu, kamar Comté, shi ma yana dacewa.

Abubuwa uku ne ke ɓata wannan giya. Na farko zaƙi. Idan abincin ya fi giyar zaƙi, sai ta koma tsami zalla a baki, kamar yadda lemo ke yi bayan an sha rake. Shi ya sa kawo shamfen marar zaƙi tare da kek ɗin biki kuskure ne, duk da yawan masu yinsa. A nan dole ki iya karanta kwalba: Brut Nature na da sukari ƙasa da giram 3 a lita, Extra Brut bai wuce 6 ba, Brut ƙasa da 12, Extra Dry 12 zuwa 17, Sec 17 zuwa 32, Demi-Sec 32 zuwa 50. Lura da tarkon: Extra Dry ta fi Brut zaƙi, ko da yake sunan na nuna akasin haka. Kayan zaƙi sai Demi-Sec. Na biyu yaji. Barasa na ƙara wa jijiyoyin da ke jin zafin barkono kaifi, kumfa kuma ta daɗa tsikarar harshen, don haka tsire da ya sha yaji ko farfesu mai attaruhu zai ƙara ƙuna, ƙamshin giyar kuma ya ɓace gaba ɗaya. Gasasshen nama mai ƙuli-ƙuli da gishiri da ɗan yaji kaɗan zai tafi, amma ba wanda ke sa gumi ba. Na uku jan nama mai nauyi, kamar naman sa da aka daɗe ana dafawa a miya mai kauri. Wannan yana son bauri, ita kuwa ba ta da shi.

Sanyinta ya kasance tsakanin digiri 8 zuwa 10, mai tsada da ta daɗe a ajiye kuma har 12, domin sanyi mai yawa na rufe ƙamshi. Kofi mai ɗan faɗin ciki da tsukakken baki ya fi siririn dogon nan da aka saba gani a hotuna.

Saura abin da ya shafe ki kai tsaye. Farin launi bai rage mata komai ba, barasa ce cikakkiya, wajen kashi 12 cikin 100. Na faɗi haka ne don na taɓa ganin baƙo a wajen liyafa ya ɗauki kofi yana zaton lemon inabi ne mai gas, saboda kwalaben sun yi kama kuma ma'aikacin bai yi masa bayani ba. Ran mutumin ya ɓaci ƙwarai, kuma yana da gaskiya. Hakkin baƙo ne a gaya masa abin da ke cikin kofi kafin ya kai baki. Ki kuma sani cewa giyar da aka ce an cire mata barasa, a ƙasashe da dama doka ta yarda ta riƙe har kashi 0.5, kuma asalinta giya ce da aka tsima sannan aka zare barasar, ba ɗaya take da ruwan inabin da bai taɓa tsima ba. Hukuncin karanta wannan fanni, da na ɗauka ko miƙa kwalba idan kin fara aiki, malaman addininki za ki tambaya, kuma gara ki yi tun yanzu, kafin a tura ki horon aiki a otal. Manyan otal suna da sassa da yawa, kuma ana iya neman a sa mutum inda ba zai taɓa kwalba ba.

Ilimin kuwa zai yi miki amfani ko a teburin da babu giya sam. Turawa na da wani ruwa da suke kira verjus, wanda ake matsowa daga inabin da bai nuna ba, ba a tsima shi, babu barasa a ciki, tsaminsa ya fi na lemon tsami laushi. Idan aka sirka shi da ruwa mai gas yana yi wa gasasshiyar kaza ko agwagwa irin aikin da na bayyana. Ke ma za ki iya yin farin ruwa daga jan inabi a ɗakin girkinki, ko da irin wanda manoman Kudan ta jihar Kaduna ke nomawa ne. Sa inabin a firji ya yi sanyi sosai, domin sanyi na rage fitar launi. Kada ki sa shi a injin markaɗe, zai daddatse ɓawon ya rina komai. Zuba shi a farin ƙyalle mai tsabta, ki matsa da tafin hannu a hankali, ki tsaya da zarar kin ga ruwan ya fara yin hoda. Inabin ci ya fi na giya ƙarancin tsami, don haka matsa masa lemon tsami kaɗan, wanda zai kuma rage saurin komawarsa ruwan ƙasa kamar yankakkiyar tuffa. Ki ajiye shi a firji ki shanye a ranar, domin akwai yis na halitta a jikin ɓawon inabi, kuma idan ruwan ya kwana a wuri mai ɗumi zai fara tsima da kansa.